Ranar da Gella Ta Yi wa Baba Sali Fulashin

A Gella, idan damina ta ƙarato, ba wanda yake ɗaukar iri ya nufi gona sai ya ji ta bakin Baba Sali. Shi ba dagaci ba, ba liman ba, ba malamin gona ba. Tsohon masinja ne na ofishin ƙaramar hukuma, gajere, mai furfura a gemu kaɗai, hularsa kullum a karkace kamar tana sauraron wani abu ta hagu. Amma ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, jama'a kan taru a gindin bishiyar maina da ke bakin hanya, shi kuma ya ɗaga kai ya dubi duwatsun gabas, ta wajen Kamaru. Idan ya ce, "Ku shuka," washegari gari ya watse zuwa gona. Idan ya ce, "Ku dakata," iri ya ci gaba da kwana a buhu ko da an yi ruwan da ya cika kwata.

Gadon abin ya yi. Mahaifinsa, Gabdo, shi ne ainihin masanin ruwa. Yakan shaƙi iska, ya duba inda tururuwa suka dosa da ƙwansu, ya lura da yadda hadari ya zauna a wuyan dutse, sannan ya faɗi magana ɗaya ya tashi. Sali ya sha bin sa a baya yana riƙe masa da buta, kuma duk bayanin da tsohon ya yi a kunnensa ya yi shi, sai dai a lokacin hankalinsa yana kan keke da 'yan matan Mubi. Da Gabdo ya rasu, Juma'ar da ta biyo baya mutane suka juyo gaba ɗaya suka zuba wa Sali ido, kamar sanin ruwa riga ce da aka cire daga jikin uba aka saka wa ɗa. Ya buɗe baki zai ce bai iya ba, ya ga yawan idanun, sai ya ɗaga kai ya dubi dutse.

Aikin masinja ne ya cece shi. Shekara ashirin da takwas yana ɗaukar fayil tsakanin Gella da Mubi, ya ƙware wajen cewa "Oga yana hanya" ba tare da ya faɗi wace hanyar ba. Haka ya riƙa yi wa ruwa. "Yana nan tafe, amma kada a yi masa gaggawa." "Za a samu, sai dai ba kowa zai gamsu ba." Idan aka yi ruwa, ai ya faɗa. Idan ba a yi ba, ai ya gargaɗe su. Da irin wannan ya aurar da 'ya'ya biyar, ya yi ritaya, ya tsallake shekarar da rikici ya sa aka yi gudun hijira a ƙauyukan bayan dutse tare da matarsa Adi, suka dawo suka tarar da rufin gida yana nan, awaki babu.

Akwai wani hali nasa da kowa ya sani. Baba Sali bai taɓa kiran mutum a waya har a ɗauka ba. Fulashin yake yi: ya danna lambarka, da ta yi ƙara ɗaya ya katse, ya ajiye wayar a cinya yana jiran ka kira shi. Liman ya sha wannan, likitan dabbobi ya sha, har direban motar asibiti bai tsira ba.

Damina uku da suka wuce, 'yarsa Sadiya, wadda ke aikin jinya a Zariya, ta kawo masa babbar waya mai shafawa. Cikin abubuwan da ta nuna masa har da wata manhaja mai hoton girgije. Idan an taɓa ta sai kwanakin mako su jeru, kowace rana da hotonta a ƙasa: rana, ko girgije, ko girgije mai ɗigo. Sadiya ta wuce zuwa nuna masa yadda ake ɗaukar hoto, amma shi zuciyarsa ta tsaya a wurin girgijen.

Bai yarda da ita nan take ba. Sai da ya yi wata guda yana gwada ta a ɓoye, kamar yadda ake gwada sabon ma'aikaci, ya gano halinta. Makararriya ce. Idan ta zana ɗigo a ƙarƙashin gobe, to yau da la'asar za a yi ruwa a Gella. Wannan bai ba shi mamaki ba, don ya yi aiki da mutanen da ke zuwa taron Litinin ranar Talata. Sai ya riƙa rage mata kwana ɗaya. Wani lokaci kuma ƙarya take shararawa tsagwaronta, sai ya dubi dutse, ya dube ta, ya bi wanda cikinsa ya fi natsuwa da shi. Da haka maganarsa ta daina kwana-kwana, ta fara fitowa da rana da lokaci. Sunansa ya kai har Mubi. Kullum da safe yakan zagaya bayan rumbu wai zai duba gara, ya fito da labarin sama. Adi ta san abin da yake dubawa, amma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Bana an yi ruwa biyu a farkon watan Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, hannun kowa yana ƙaiƙayi. Matsalar ita ce ƙwari sun yi wa rumbuna ɓarna da rani, gidaje da yawa irin shuka ɗaya kawai suka rage da shi. Wanda ya zuba nasa ruwa ya ɗauke, ba shi da na biyu. Saboda haka Juma'ar da ke tafe ba irin sauran ba ce, kuma Baba Sali ya san haka.

Ranar Litinin ya zagaya bayan rumbu, ya taɓa girgije. Maimakon kwanaki su jeru, sai wani farin akwati ya fito da dogon Turanci da maɓalli biyu. Ya danna na dama, ta koma baya. Ya danna na hagu, ta yi ta juyi ta dawo da akwatin. Ya kashe wayar ya kunna. Ya goge ta da bakin riga. Ya ɗaga ta sama ta wajen gabas ko za ta ga hadarin da idonta. Akwatin yana nan.

Washegari ya ce wa Adi zai je Mubi neman maganin ido.

"Allah ya sawwaƙe," in ji ta. "Ka tafi da cajar idon, kada a tambaye ka."

Ya yi kamar bai ji ba, amma ya koma ɗaki ya ɗauko cajar.

Bai tsaya wurin masu gyaran waya na bakin tasha ba, don nan mutanen Gella suke kai nasu. Ya hau keke har unguwar Lokuwa, ya yi ta leƙe har ya sami wata rumfa a lungu tsakanin mai wankin hula da shagon da ɗalibai ke buga takardu. Mai rumfar, Ephraim, mutumin Michika ne, magidanci mai tabarau ɗaure da zare. A Hausarsa, kamar ta mutanen Mubi da yawa, waya namiji ne, wuta namiji ne, har matarsa ma wani lokaci namiji ne.

Ya karɓi wayar, ya karanta akwatin.

"Baba, ba abin da ya lalace. Afdet yake so."

"Wane ne shi?"

"Wannan abin duba ruwa ya zama sabo, ƙwaƙwalwan waya kuma ya tsufa. Sabo ya ce ba zai zauna da tsoho ba sai an sabunta shi."

"Wa ya ce maka ruwa nake dubawa?"

"Ga girgije a jiki, Baba."

"Na jikata ne. Wasa take yi da shi. Tun jiya kuka take."

"To, za mu share masa hawaye," in ji Ephraim. "Hanya yana da yawa. Mu fara da mai sauƙi."

Mai sauƙin ita ce a shiga saitin a ce wa wayar ta janyo sabuwar ƙwaƙwalwar da kanta ta data. Wayar ta yi tunani, ta ce ba ta da wurin ajiyewa. Ephraim ya buɗe cikinta ya yi salati irin nasa. Wa'azi, kokawa, bikin suna, gaisuwar Juma'a mai furanni ta shekara uku, da saƙonnin murya na ƙungiyar 'yan fansho waɗanda ba wanda ya taɓa saurara har ƙarshe. Ya ce sai an share wasu. Nan Baba Sali ya gyara zama. Kowane bidiyo sai an buɗe ya gani, ya yi jimami, ya ce a bar wannan a ɗauki na gaba. A kan wani rago da ya tunkuyi mai keke sai da suka yi kusan rabin awa.

"Baba, wannan rago sau huɗu yake ciki."

"To share uku. Ka bar wanda ya fi kyau."

"Duk ɗaya ne!"

"Ka bar na biyun."

Da aka samu wurin ajiya, wani siririn layi ya fito ya fara tafiya. Tafiyar hawainiya ma ta fi shi sauri. Ephraim ya ce data ba za ta kai su ba yau, su koma hanya ta biyu. Ya leƙa shagon buga takardu ya roƙi lambar waifai ɗinsu. Nan layin ya samu ƙafa. Baba Sali ya sunkuya yana bin sa da ido, yana ce masa "yawwa, yawwa" kamar mai kora jaki a hawa. Saura ƙiris ya kai bango aka ɗauke wuta. Fankar shagon ta tsaya, waifai ya mutu, layin ya koma farko kamar bai taɓa tafiya ba.

"Akwai na uku," in ji Ephraim yana share gumi. "A zuba abin cikin memori, a sa wa waya ya sha daga nan. Amma irin naka ba ya karɓan wannan. Baba, gaskiya sai dai fulashin."

Baba Sali ya ɗago kai a hankali.

"Fulashin?"

"Fulashin. Da an yi masa, ya zama sabo."

"Fulashin kawai?"

"Shi ke nan. Amma yanzu ba wuta. Ka kawo gobe ko jibi. Ko ka samu wani a wajenku ya yi maka, duk ɗaya ne."

"Sau nawa ake yi?"

A daidai nan wata ɗaliba ta miƙo wayarta da fasasshen gilashi tana cewa tana da jarrabawa. Ephraim ya juya gare ta, ya amsa wa tsohon ta kafaɗa.

"Sau ɗaya ya isa in ya kama. In bai kama ba a sake."

Baba Sali ya fito daga lungun yana murmushi shi kaɗai. Ashe maganin yana gida. Abin da ya shekara goma yana yi wa mutane, shi ne yaran zamani suka mayar sana'a har da rumfa. A cikin motar Gella ya yi ta girgiza kai yana tausaya wa waɗanda ba su da wayo.

Laraba da hantsi ya zauna a tsakar gida, ya buɗe akwatin Turancin, ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Maman Sadiya, yi mini fulashin."

Adi ta dube shi, ta dubi wayar. "Malam, ga ni zaune a gabanka. Me zan faɗa maka da baki ba zai iya ba?"

"Ke dai yi."

Ta ciro ƙaramar wayarta daga bakin zane ta yi. Wayarsa ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Ya leƙa. Akwati.

"Bai kama ba. Sake."

Ta sake har sau biyar, sannan ta ce tana da wake a wuta. Shi kuwa ya riga ya gano inda matsalar take. Yaya za a yi 'yar wayar da ba ta kai tafin hannu ba ta tayar da babba? Sai an samu mai ƙarfi. Ya sa hula ya fita.

Ya fara da mai shayi, ya ce kunnensa yake gwadawa. Ya wuce wurin liman, ya ce lambarsa yake so ya tabbatar. Ya tare wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai waya biyu ya sa shi ya yi da kowacce. Duk wanda ya yi, sai Baba Sali ya juya baya, ya leƙa cikin aljihu, ya juyo ya ce a ƙara ɗaya. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa Baba Sali yana bin mutane yana roƙon fulashin. Ba wanda ya tambayi dalili. Mutanen da suka shekara goma suna kiran sa da kansu sun ga ranarsu ta zo. Wayar ta fara ƙara ba tsayawa. Ya ɗauka, a katse. Ya mayar aljihu, ta sake. Mata daga cikin gidaje, direbobi daga tasha, har wani da ya yi ƙaura zuwa Yola aka buga masa aka ce ya sa hannu. A sahun sallar la'asar sai da liman ya waiwayo kafin ya tayar, ya ce wanda aljihunsa ke kiɗa ya taimaki jama'a.

A bakin masallaci Dawuda ya tare shi. Dawuda taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Dogo ne, yana da gona a bakin rafin da suke kira mayo da wata a kan tudu, da babbar waya da ɗansa ya aiko masa.

"Sali, an ce sadaka kake nema. Kawo in ba ka tawa, mai nauyi ce."

"Yi mana, in ka iya."

Dawuda ya yi. Baba Sali ya juya baya ya leƙa. Dawuda ya miƙa wuya ta saman kafaɗarsa, dole ya cusa wayar cikin riga.

"Me kake ɓoyewa? Ko ruwan ne kake kira layinsa ba ya shiga?"

Fuskar Baba Sali ta masinja ce, ba ta nuna komai ba. "Ruwa ba ya ɗaukar wayar masu gona biyu."

"To ka ji. Jibi Juma'a. Masarar da ta rage mini ba ta wuce ta zubi ɗaya ba. In ka ce mu shuka ta ƙone, ni da iyalina a gidanka za mu ci tuwo har kaka. Ka gaya wa Adi ta sayi babbar tukunya."

Ya faɗa da dariya, waɗanda ke kusa ma suka yi dariya, amma ba wanda ya musa.

Alhamis da sassafe Baba Sali yana rumfar Ephraim, hula ta ƙara karkacewa.

"Ɗana, maganinka bai yi ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Gella gaba ɗaya ta yi mini, har daga Yola. Bai kama ba."

"Gella gaba ɗaya? Suna da kwamfuta haka?"

"Wace kwamfuta? Da wayoyinsu mana."

Ephraim ya cire tabarau. Ya buɗe jerin kiran da aka rasa, ya shafa, ya shafa, bai ga ƙarshensa ba. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara ɗaya a hannunsa ta katse. Sai ya zauna a kan benci ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Mai wankin hula ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Da ya samu numfashi ya yi bayani. Fulashin na masu gyara daban ne. Ana haɗa waya da kwamfuta da igiya, a kwashe tsohuwar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, a zuba sabuwa. Duk abin da ke ciki yana tafiya, shi ya sa ake fara kwashe lambobi da hotuna a ajiye a gefe.

"To don me ba ku sa masa wani suna ba?" in ji Baba Sali. "Kun ga suna a hannun mutane kun ɗauka."

"Haka muka tarar, Baba."

"Ragon fa?"

"Zan ajiye maka rago."

An yi sa'a akwai wuta. Wayar ta yi baƙi ƙirin, igiya a gindinta, rubutu yana gudu a kwamfuta. Ephraim ya ce kada wanda ya taɓa igiyar, in ta fita a tsakiya waya ya zama dutse. Baba Sali ya janye ƙafafunsa, ya naɗe hannu, ya zauna kamar mai jiran mara lafiya a ƙofar tiyata. Ko tari bai yi ba. Bayan wani lokaci wayar ta haskaka, ta yi wata sabuwar gaisuwa. Ephraim ya mayar da lambobi da rago, ya sauko da manhajar girgije, ya taɓa ta. Kwanaki suka jeru.

Baba Sali ya karɓa da hannu biyu. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya ɓata fuska.

"Ka canza mata lamba."

"Wane lamba?"

"Nan sama. Da Zariya aka rubuta. Yanzu ka sa Mubi." Masinja ne, sunan gari a kan takarda ba ya wuce shi. "Ai can aka saye ta, can aka yi mata rajista. Kamar mota."

Ephraim ya karɓi wayar ya duba.

"Baba, wannan ba lamba ba ne. Garin da yake duba wa ruwa ne. Tun yaushe yake Zariya?"

Baba Sali ya ƙirga da yatsu. "Damina uku."

"Jikanka yana wasa da ruwan Zariya damina uku." Ephraim ya mayar da tabarau, ya ƙare wa hular kallo. "Tsaya. Gella ka ce? Kai ne Baba Sali! Surukina yana noma a can. Ko ruwa ya kai gwiwa ba ya shuka sai ka ce."

"Yana samun amfani?"

"Yana samu sosai."

"To kana ganin zai so ya ji wannan labarin?"

Ephraim ya yi tunanin surukinsa, da buhun gyaɗar da ke zuwa gidansa duk kaka. "Ni waya na gyara, Baba. Ban ga komai ba."

Ya ƙara da cewa hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, don haka ba mamaki wanda ya zuba a Gella yau ya isa wajen Zariya gobe. Nan Baba Sali ya gane. Ashe baiwar Allah ba makara take yi ba. Aikinta take yi daidai, a garin da aka tura ta.

"Mayar mini da Zariya," ya ce.

"Baba, na Mubi ne daidai!"

"Waccan na san halinta. Wannan yau muka haɗu."

Suka daidaita a kan a bar duka biyun, in ya shafa hagu ya ga ɗaya, in ya shafa dama ya ga ɗaya. A motar komawa ya shafa hagu: Mubi ta ce ruwa ranar Asabar, da ɗan ɗigo nan da can a mako mai zuwa. Ya shafa dama: Zariya ta ce ruwa ranar Lahadi, daga nan rana tsirara har ƙarshen layi. In an rage wa Zariya kwananta ɗaya, a kan ruwan Asabar sun yarda da juna. A kan abin da zai biyo baya kowacce da bakinta. Ya leƙa ta taga ya dubi duwatsu da gaske, irin duban da ya daɗe bai yi ba. Ya tuna mahaifinsa ya taɓa cewa wani abu game da iskar da ke juyawa arewa da yamma, amma ya rasa ko alheri ya ce ko akasin haka.

Abin da ya rage masa shi ne lissafin masinja. In ya ce a dakata ya yi kuskure, an yi asarar kwanaki, za a yi masa dariya. In ya ce a shuka ya yi kuskure, an yi asarar iri, kuma ba wanda zai yi dariya.

Ranar Juma'a gindin maina ya cika har kan hanya. Baba Sali ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ja lokaci fiye da yadda ya saba.

"Gobe za a yi ruwa," ya ce. "Mai yawa. Kada ku shuka."

Wuri ya ɗauki guna-guni.

"Ruwa mai yawa, kuma kada mu shuka?" in ji Dawuda. "To me za mu yi da shi, wanka?"

"Kai kam da ka yi, da jama'a sun gode."

"Fulashin ɗin nan ya taɓa maka kai, Sali."

"Na faɗi tawa. Mai gona biyu yana iya gwada ɗaya."

Asabar da la'asar aka tsuge da ruwa har mayo ya kawo. Lahadi da safe Dawuda ya fita da iri, ya bi ta ƙofar gidan Baba Sali da gangan yana waƙa, ya shuka gonakinsa duka biyu. Gidaje kamar goma suka bi shi. Sauran suka zauna suna kallon ƙasa mai laushi tana bushewa, suna hararar Baba Sali in ya wuce. Kwana uku bai je wurin mai shayi ba.

Sama kuwa ta rufe bakinta kwana tara. Shukar kan tudu ta fito ta yi kore, ta lanƙwashe, ta bushe. Ta bakin mayo ta sha wuya amma ta rayu. A rana ta goma ruwa ya dawo, ya sake dawowa bayan kwana biyu, Juma'a Baba Sali ya ce a shuka. Waɗanda suka ƙone a tudu aka tara musu iri gida-gida, shi ma ya ba da nasa. Har yau Dawuda yana cewa shi ya yi gaskiya, ga masararsa ta mayo ta fi ta kowa tsayi. Baba Sali yana cewa a tambaye shi labarin ta tudu.

Ana cikin wannan Adi ta zagaya bayan garken awaki neman wata kaza, ta tsaya turus. Layi uku na masara, miƙaƙƙu, kore shar, sun kai gwiwa, alhali ta sauran gari ba ta wuce tafin hannu ba. Gindin kowacce da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta dawo tsakar gida ta sami mai gidan yana gyara hula.

"Malam, wa ya shuka masara a bayan garke?"

"Masara? Kaji ne. Sun saba tona buhu."

"Kaji. A layi."

"Kajin yanzu ba irin na da ba ne."

"Ranar Lahadin da ka hana mutane suka shuka ta, ko? Kuma su suka riƙa ɗaukar butarka suna ba ta ruwa kwana tara?"

Baba Sali ya dubi ƙofar gida, ya rage murya.

"Mutum ai yana gwaji, Maman Sadiya. Yanzu dai ki taimake ni. In Dawuda ya zo, a zaure za a kai masa ruwa. Kada ya wuce ciki sai ta kowa ta kamo ta."